Shekarar Gero, Daga Binne Zuwa Rumbu

Gero ba ya ganin damina biyu. Cikin kwana 90 ko kusa da haka zai tsiro, ya yi ciki, ya fid da kai, ya nuna, ya mutu. A kan wannan gajeren rai manoman Daura, Katsina, Maraɗi da Damagaram suka tsara shekararsu.

Tun da bazara ake sharar gona, a kai taki. Mai ƙarfin hali kan yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Kasada ce: in yayyafi ya taɓa irin sannan sama ta ɗauke, sai a sake shuka. Yawanci dai jiran ruwan shuka ake yi. Ranar da ya sauka babu mai zama a gida. Magidanci na gaba da sungumi yana sara, yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige.

Sai noman firi da cira, inda ake rage tsiron da ya cunkushe a bar masu ƙarfi, daga baya a yi maimai. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa ya kira gayya: samari su zo da fartanya, makaɗa na zuga su, shi kuwa nasa fura da tuwo. Wannan ne lokacin da ya fi tsanani, domin rumbu ya yi ƙasa, sabo bai iso ba, ga aiki wuni guda. Shi ya sa tumu yake da daraja. Zangarniyar farko da aka gasa a bakin gona ita ce shaidar cewa gida ya tsallake.

Da kaka a kwantar da gero, a yanke kai, a ɗaure dammuna. Kafin a rufe rumbu ana fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar. A da, wanda ya tara dami dubu yakan yi biki ya ciyar da jama'a, a kira shi Sarkin Noma. Karan ma ba ya tashi a banza, da shi ake danni da girki, dabbobi su ci ragowa.

Al'adar da ta fi burge ni ita ce ware iri. Tun a gona dattijo ke zaɓen zangarniya mai tsawo, mai cikar ƙwaya, wadda tsutsa ba ta taɓa ba, ya ɗaure ta daban ya adana inda ɓera da danshi ba sa kai wa. Ko an shiga yunwa, ita ce ta ƙarshe da za a taɓa, kuma gidan da ya ci irinsa sai ya nemi rance wurin dangi ko maƙwabta kafin ruwa ya sauka. Wannan zaɓe na kowace kaka ne ya sa geron wani yanki ya saba da ƙasarsa da ruwansa, har manomi daga ganin zangarniya ya gane ta wajen su ce ko baƙuwa.