Kafin a Gina wa Masu Lambu Shafin Intanet

Duk lokacin da wata hukuma ko ƙungiya ta ce za ta buɗe shafin intanet domin masu lambu su yi rajista, su duba farashin kasuwa, su nemi iri da taki, gardama iri ɗaya ce ke tashi. Wasu su ce ci gaba ya zo, wasu su ce wata hanyar cin kuɗi ce. Bayan 'yan watanni shafin ya zama kufai, sai ka ji ma'aikaci daga ofishinsa mai sanyi yana cewa ai manomanmu ne ba su waye ba. Wannan maganar ce ke ci mini tuwo a ƙwarya.

An fi sanin Kalambaina, a jihar Sakkwato, da masana'antar siminti, wadda ta fara aiki a 1967, yau kuma take hannun BUA. Amma daga nan zuwa Wamakko da Kwalkwalawa, fadamar gulbi cike take da masu noman rani: albasa, tumatir, tattasai, karas, latas. Mutumin da ke gane fangali na son ruwa da kallo ɗaya, yake lissafin man injin ban ruwa da la'adar dillali da ka, bai cancanci a kira shi mai duhun kai ba don ya kasa cike fom na Turanci. Tela ne ya yanka yadi bai yi awo ba, da rigar ta ƙi shiga ya ce jikin mai ita ne ya karkace.

Awon nan kuwa aiki ne mai tsari a wurin masu ƙera manhaja na kirki. Kafin su taɓa kwamfuta sukan je su zauna da waɗanda za su yi amfani da abin, su ga wace waya ce a aljihunsu, wa ke karanta musu saƙo. Daga nan su zana shafin a takarda, su miƙa wa manomi, su ce nemo mana farashin buhun albasa, su kuma kame bakinsu. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, nan gyara yake. Masanin fannin, Jakob Nielsen, ya bayyana tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal kan fito da mafi yawan matsalolin shafi. Mutum biyar a bakin fadama! Kuɗinsa bai kai na lemon bikin ƙaddamarwa ba.

Mun ma taɓa ganin darasin a gida. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, gwamnatin tarayya ta fara rabon taki mai rangwame ta saƙon waya, buhu biyu kan rabin kuɗi. Niyyar ta yi kyau, an so a raba manomi da dillalai. Sai dai an ɗauka kowa na da waya, kowane ƙauye na da sabis, kowa na karanta boko. Manoma da yawa saƙon bai iso musu ba, wasu ya iso ba su san me ya ƙunsa ba. A 2014 aka gwada wata dabara a Abuja da jihar Sakkwato tare da cibiyar bunƙasa taki ta IFDC: kati ake ba manomi, a ɗora shi kan na'ura a wurin karɓar taki, ko babu sabis yana aiki. Ba manomin aka sauya ba, tsarin aka gyara ya dace da shi.

Wanda ya yi yini guda a lambunan Kalambaina zai dawo da abubuwan da ba ya samu a ofis. Ba a sayar da tumatir da kilo, da kwando ake yi, albasa kuma da buhu, don haka shafin da ke tambayar kilo ya riga ya kori mai kaya. Tambayar adireshin imel ma haka. Masu lambu da yawa ƙaramar waya mai maɓalli suke riƙewa, wadda lambar dannawa irin ta banki ta fi dacewa da ita. Masu babbar waya kuwa sun fi sabawa da saƙon murya a WhatsApp, kuma suna tsimin data, hoto mai nauyi ɗaya ya isa su rufe shafin. Dattijon da aka rubuta "bai yi karatu ba" a gaban sunansa wataƙila yana karanta ajami tiryan-tiryan. Ga rana mai dusashe fuskar waya, ga hannu da laka. Akwai kuma matan da ke shuka zogale da alayyafo a cikin gida: waya ɗaya ce a gidan, tana aljihun maigida, shi kuma yana fadama har magariba.

Da za a ji ta tawa, duk hukumar da za ta ba da kwangilar irin wannan shafi ta rubuta a yarjejeniya cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an kai shi lambu, an ga masu noman rani, maza da mata, sun yi rajista da hannunsu ba tare da ɗan kwangila ya karɓi wayar ya danna musu ba.