Dogaye uku da ƙafafunsu suka karya zuciyar Portland

Duk wanda ya taɓa raka babansa sayen san huɗa a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya san abin da dattijo yake fara yi. Dillali na can yana yabon tozo da faɗin ƙirji, shi kuwa tsohon ya durƙusa yana lallatsa gwiwa, yana ɗaga kofato, sannan ya ce a ja san ya ga tafiyarsa. Wannan durƙuson nake tunawa duk sa'ad da labarin Portland Trail Blazers ya faɗo mini, ƙungiyar ƙwallon kwando ta gasar NBA a Amurka, wadda sau uku tana ɗora gidanta kacokan a kan dogon mutum, sau uku ƙafa tana kasa ɗaukar kayan.

Sai mutum ya san wasan kafin ya ga laifinsu. Kwandon yana rataye ne a tsawon mita 3.05. Wanda ya haura mita 2.10 kusan miƙa hannu kawai zai yi ya zuba ƙwallo, ko ya kaɗe ta abokin hamayya. Irin waɗannan mutane kuwa ƙalilan ne a duniya, masu saurin jiki a cikinsu sun fi ƙaranci. To amma jikin da ya wuce kilo ɗari, yana tsalle yana dira a kan katako wasa 82 a kaka guda, ƙasusuwan sawu ne ke biyan kuɗin.

Na farkonsu Bill Walton ne, mai jan gashi, da suka ɗauko daga jami'ar UCLA a 1974. Tun zuwansa yake fama da ƙafa, amma a kakar 1976 zuwa 1977 jikin ya ba shi haɗin kai. Suka kai wasan ƙarshe da Philadelphia, aka ci su biyu na farko, suka rama huɗu a jere. Ranar 5 ga Yuni 1977 Walton ya zuba maki 20, ya cafke ƙwallo 23 da ta dawo daga kwando, ya kaɗe 8. Portland ta ɗaga kofi tana da shekara bakwai kacal da kafuwa.

Kakar da ta biyo sun ci wasa 50 cikin 60 na farko, har ana cewa babu mai tare su. A ƙarshen Fabrairu 1978 ƙafar Walton ta tsaya. Da wasannin fitar da gwani suka zo, aka yi masa allurar kashe zafi ya shiga fili da Seattle. Hoton da aka ɗauka bayan haka ya nuna wani ɗan ƙashi da ke tsakiyar sawunsa na hagu, ƙasa da idon ƙafa, ya karye. Ƙashi ne mai wuyar ɗori, domin jini bai cika ratsa tsakiyarsa ba. Walton ya fusata da yadda aka kula da shi, ya ƙi buga kaka guda cur, a 1979 ya tattara ya koma San Diego. A ganina nan ne babban kuskuren yake. Zafi ɗan aike ne, zuwa yake ya ce a tsaya. Suka rufe masa baki da allura saboda kofi.

Shekara shida bayan haka dama ta sake zuwa. A 1984 aka jefa kwabo sama tsakanin Houston da Portland don a san wanda zai fara zaɓen sababbin 'yan wasa. Houston ta ci, ta ɗauki wani dogo haifaffen Legas, Hakeem Olajuwon, wanda ya tashi yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa yana kuma buga ƙwallon hannu. Portland ce ta biyu. A gabanta akwai wani saurayi daga jami'ar North Carolina mai suna Michael Jordan, amma suna da Clyde Drexler da suka ɗauka shekara guda kafin nan, mai buga wuri ɗaya da shi. Dogo suke nema. Ranar 19 ga Yuni suka kira sunan Sam Bowie na jami'ar Kentucky, mai tsawon mita 2.16. Chicago ta ɗauke Jordan.

Ba a ɓoye yake ba cewa Bowie ya yi kaka biyu a jami'a bai taka fili ba saboda tsagewar ƙashin ƙwaurinsa na hagu. Likitocin Portland sun duba shi kafin zaɓe. Sai a 2012, a wani fim na tarihin rayuwarsa da tashar ESPN ta nuna, Bowie ya faɗi abin da ya faru a ɗakin: likita ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa masa ƙwauri yana tambaya ko da zafi, shi kuwa ya ce babu, alhali yana ji har ransa. Na kasa ganin baƙinsa. Yaro ne ɗan talakawa, arzikin gidansu duka yana rataye a kan amsa ɗaya. Wa zai ce wayyo a wannan lokacin?

Kakarsa ta farko ya buga wasa 76, ya yi kyau ƙwarai. A ta biyu ƙwaurin hagu ya karye. A ta uku, bayan wasa biyar kacal, na dama ya karye a tsakiyar fili. Ya yi jinya, ya dawo, yana ɗumama jiki kafin wani wasan share fage a 1987 ƙafar daman ta sake karyewa. Cikin kaka huɗu da suka biyo ta farko, wasa 63 ya buga. A 1989 suka musanya shi da Buck Williams na New Jersey. Portland ta kai wasan ƙarshe a 1990 Detroit ta doke ta, ta sake kaiwa a 1992, wanda ya tare mata hanya kuwa Jordan ne, da kofinsa na biyu cikin shida da ya ci wa Chicago. Olajuwon ya ci wa Houston kofi a 1994 da 1995. Na biyun ma tare da Drexler, wanda Portland ta sallama masa ana tsakiyar kaka. A Fabrairun 1995 ɗin, Olajuwon yana azumin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon wata na gasar. Shi ma dogo ne, ya kuma yi kaka 18 yana wasa, don haka ba tsawon ne kaɗai abin zargi ba.

Ko Arvydas Sabonis na Lituweniya, da suka zaɓa a 1986, bai iso musu ba sai 1995, bayan jijiyar agararsa ta tsinke, gwiwoyi sun gaji.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga igiya gudu yake. A 2007 Portland ta sami zaɓin farko, mutum biyu a gabanta: Kevin Durant, siriri mai hannun zuba ƙwallo, da Greg Oden na jami'ar Ohio State, ƙato mai mita 2.13. Gaskiya ita ce yawancin masana a lokacin Oden suka ce a ɗauka, kuma shi suka ɗauka. Seattle ta tafi da Durant, wanda daga baya ya zama gwarzon gasar a 2014.

A Satumba, tun bai buga wasa ko ɗaya ba, aka yi wa Oden aiki a guringuntsin gwiwar dama, kakar ta wuce shi. Manajan ƙungiyar, Kevin Pritchard, ya ba da labarin cewa da yaron ya farfaɗo daga aikin, haƙuri ya dinga ba shi, yana maimaitawa. Shekararsa 19 a lokacin, yana kwance da gwiwa a naɗe, kuma shi ne mai neman gafara. Wannan wurin ya fi ko'ina taɓa ni a labarin.

Ya dawo ya buga wasa 61. Kaka ta gaba ya fara zama abin da ake fata, sai ranar 5 ga Disamba 2009, ana wasa da Houston, ya yi tsalle zai tare ƙwallo, ƙoƙon gwiwarsa ta hagu ya tsage. Aka fitar da shi a kan gadon marasa lafiya, jama'ar filin na kiran sunansa. Bai sake sa rigar Portland ba. Da suka sallame shi a Maris 2012, jimillar wasanninsa cikin kaka biyar 82 ne, adadin kaka ɗaya daidai.

Har yau in ana hirar kuskuren zaɓe, sunan Bowie da na Oden ake fara kamawa ana dariya, kamar su suka zaɓi kansu. Walton ya sake ɗaga kofi da Boston a 1986, an yi masa aiki sama da sau talatin a rayuwarsa, ya rasu a Mayu 2024. Oden ya koma aji, ya karɓi digirinsa a Ohio State a 2019. Bowie ya yi kaka huɗu masu albarka a New Jersey, ya ajiye wasa a 1995, ya koma garin Lexington na Kentucky yana kiwon dawakan tsere. Portland kuwa tun kofin 1977 ba ta sake ɗaga wani ba.