Kwamfuta da Gajiyar Ɗan Tseren Keke

Motsa jiki yana haifar da abubuwa biyu a lokaci guda, wato ƙarfi da gajiya. Ƙarfi yana taruwa sannu a hankali, yayin da zuciya ke ƙara yawan jinin da take turawa, tsoka kuma ke ƙara iya amfani da iskar oksijin. Ita gajiya nan da nan take sauka, amma ta fi saurin gushewa. A shekarar 1975 Eric Banister da abokan aikinsa a ƙasar Kanada suka mayar da wannan bayani lissafi, kuma daga nan ne manhajoji da yawa na horar da 'yan tseren keke suka samo tushe.

Na'urar da ke jikin keke tana auna ƙarfin da mahayi ke taka feda da shi. Manhaja kan kimanta ƙarfin jikinsa daga aikin kwana 42, gajiyarsa kuma daga na kwana 7. In ya gaza yau, sai ta sassauta masa gobe. Idan gasa ta matso, takan rage masa aiki na mako ɗaya ko biyu, domin gajiya ta tafi ta bar ƙarfi.

To, amma fa 42 da 7 ba alƙaluman kowane jiki ba ne. Dattijo ba ya warwarewa kamar saurayi, kuma feda ba ta san mahayi ya kwana da zazzaɓi ba. Manhajar da ta ɗora wa irin wannan mahayi aiki mai tsanani za ta kai shi gasa a galabaice. Shi ya sa masu gyara ta ke ƙoƙarin haɗa mata da bugun zuciyarsa na asuba da awoyin barcinsa, su kuma sa ta tambaye shi yadda ya ji a jikinsa bayan ya sauka daga keke.