Maƙoƙo da Gishirin Miya

Ɗora yatsunka a gaban wuyanka, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, ka haɗiyi yawu. A nan wurin akwai wata 'yar tsoka mai taushi wadda likitoci su ke kira tairod. Tana da kunne biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, sun rungumi maƙogwaro, kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fikafikansa. Ga baligi nauyinta wajen giram 20 ne. In tana lafiya ba ka ganinta, ba ka ma san da ita ba. In ta kumbura, shi ne abin da mu ke ce wa maƙoƙo.

To, mene ne aikinta? Ka dai san maƙera. Gawayi yana nan, ƙarfe yana nan, amma in ba mai zuga, wuta ba ta ci. Abincin da ka ci shi ne gawayin jikinka, ita kuwa wannan tsoka ita ce mai zuga. Tana yin wani ruwa ta zuba cikin jini, jini ya kai shi ko'ina. Ruwan nan shi ke tsai da yadda jiki zai ƙona abinci, da ɗumin jiki, da bugun zuciya, da girman yaro. Ba ta kuwa yin gaban kanta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙululu, bai wuce ƙwayar wake ba, shi ne ubangidanta. In ya ji ruwan ya yi kaɗan cikin jini, sai ya aika mata ta ƙara himma. In ya yi yawa, ya ce ta sassauta.

Ba ta iya yin ruwan nan sai da aidin. Abin da jiki ke bukata kaɗan ne ƙwarai, cikin ƙaramin cokali ɗaya ya ishi mutum duk tsawon ransa, amma dole ya riƙa samu a kai a kai cikin abinci. Kifin teku yana da shi da yawa, madara da ƙwai suna da ɗan abin da ba a rasa ba. A ƙasashen tuddai da waɗanda ke nesa da teku, ruwan sama ya daɗe da wanke shi daga ƙasa, saboda haka hatsin da aka noma a wurin ba ya ɗauke da isasshe. Sa'ad da aidin ya ƙaranta, ubangida ba ya daina aike, tsoka kuwa ta yi ta faman girma ko ta kamo ɗan abin da ya saura. Asalin yawancin maƙoƙo ke nan. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wajen cin abinci tare da mai shi.

Kumburin wuya ba shi ne babbar hasara ba. Babbar hasara tana kan jaririn da ke ciki. Ƙwaƙwalwarsa ba ta ginuwa sai da wannan ruwa, farkon ciki kuwa daga uwa ya ke samu. In uwa ta rasa aidin, ciki yana iya zubewa, ko a haifi yaro ya tashi ba tsawo, ba kaifin hankali, wani har kurma. Abin da ya ɓaci a wannan lokaci ba ya gyaruwa daga baya. Don haka mai ciki da mai goyo sun fi kowa bukatarsa.

Maganin abin yana cikin tukunyar miya. Mutanen Suwizalan, ƙasar duwatsu ce a Turai inda maƙoƙo ya yi katutu a da, sun fara sa aidin cikin gishiri a 1922, cutar ta ja da baya ƙwarai. A Nijeriya an wajabta haka a 1993. Saboda haka sayi gishirin da aka rubuta yana da aidin, ka ajiye shi cikin abu mai murfi, nesa da laima da rana da murhu, don aidin yana gudu. Manda da kanwa ba su tsaya a madadinsa. Ba kuwa cewa aka yi a cika gishiri ba, yawansa yana kawo hawan jini. Aidin ɗin da malamin asibiti ke shafa wa a miki kuma, na shafawa ne kawai. Kada ka kuskura ka sha, dafi ne.

Rogo mai ɗaci yana da wani abu da ke hana tsokar nan kama aidin. A ɓare shi, a jiƙa kamar kwana uku ko fiye, a shanya sosai kafin a ci. Hayaƙin taba ma yana da irin wannan abu.

Ba kullum laifin abinci ba ne. Wani lokaci jiki da kansa ke juya wa tsokar, abin ya fi yawa ga mata. In zuga ta yi rauni, za ka ga mutum kullum cikin kasala da jin sanyi, fata ta bushe, ciki ya ɗaure, yana ƙiba ba dalili. In ta yi yawa, ga ci amma ga rama, ga gumi, hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku, wani idanunsa su firfito. Da awon jini a ke rarrabewa, kowanne kuma da maganinsa. Mai raunin zuga yawanci ƙwaya ce zai riƙa sha kowace safiya, kada ya bari don ya ji sauƙi.

Kada ka yarda wanzami ya yi wa maƙoƙo tsaga ko sakiya. Ba ƙurji ba ne, jijiyoyin jini sun cika wurin, ana iya rasa rai nan take. In kumburin yana girma da sauri, ko ya yi tauri, ko murya ta dushe, ko numfashi da haɗiya suna wuya, zo ɗakin shan magani cikin makon nan a ba ka takarda zuwa babban asibiti.