Iskar hunturun Anka da masu sululu a tekun Sal: me ya haɗa su?

Wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon a wayarka: mutum tsaye a kan ɗan allo a saman teku, wata ƙatuwar laima can sama tana jan sa da gudu. Turawa na kiran wasan kaitsafin, mu kuma bari mu ce masa sululun laima. In kana zaune a Anka, Gummi ko Bukkuyum za ka ce ina ruwanka, tunda ko teku ba mu da shi. To, ka ɗan dakata. Iskar da ke jan mutumin nan a tsibirin Sal na ƙasar Cabo Verde 'yar gida ɗaya ce da wadda ke fasa maka leɓe a watan Janairu. Kuma lissafin da ke tsare ransa shi ne ke bayyana yadda iskar farkon damina ke yaye rufin kwano.

Daga ina iskar take tasowa?

Rana ta fi dukan tsakiyar duniya. Iskar wurin takan yi zafi ta tashi sama, sai wata ta kwararo daga arewa da kudu don cike gurbin. Da duniya a tsaye take, da iskar da ke zuwar mana ta miƙo sak daga arewa. Amma duniya na juyawa, shi ya sa take karkacewa ta zo daga arewa maso gabas. Wani Bature ɗan Ingila, George Hadley, ya yi bayanin wannan tun 1735.

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, wannan iska ce ke mulki a Afirka ta Yamma. Ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura, musamman daga kwarin Bodele da ke Chadi, ta iso mana a bushe. Mu muka sa mata hunturu. Idan ta wuce gaɓar Senigal ta hau tekun Atlantika, sai ta iske tsibiran Cabo Verde, kimanin kilomita 570 daga gaɓa. Watannin da muke fama da ɗari da hazo su ne kakar masu sululu a can, har ma ƙurar kan kai musu wani lokaci. Ba mamaki ɗan tsibirin Sal, Mitu Monteiro, ya zama zakaran duniya na wannan wasa a kan igiyar ruwa a 2008.

Abu uku da mai laima ke dubawa

Na farko, gudun iska. Galibi ana son ta tsakanin kilomita 22 zuwa 45 a awa. Ƙasa da haka laimar ba za ta ja mutum ba, sama da haka sai gwanaye. Shi ya sa kowane ɗan wasa ke da laima fiye da ɗaya: babba don ranar da iska ta yi sanyi, ƙarama don ranar da ta yi ƙarfi.

Na biyu, daidaituwarta. Iska mai zuwa bai ɗaya ta fi mai fizga aminci, ko da ta fi ta ƙarfi. A kan teku babu abin da ke tare ta, sai ta yi ta zuwa sumul. A tudu kuwa bishiyoyi da gine-gine da duwatsu suna yayyanka ta, ta riƙa zuwa a fizge. Matan da ke shiƙar gero sun san wannan sarai: ba a shiƙa a bayan rumbu ko gindin katanga, fili ake fita.

Na uku, kuma shi ne mai kisa, inda ta dosa. A kudancin Sal, wurare uku da ke kusa da juna sun isa misali. A gaɓar gabas, inda ake koyar da sababbi, iskar daga teku take zuwa tana turo mutum tudu. In igiya ta tsinke, ruwa zai kawo ka gaɓa. A mashigin Santa Maria da ke fuskantar kudu, ruwan ya fi kwanciya, gwanin sha'awa, amma iskar daga tudu take fita, ta ratso gari tana fizga, kuma tana tura mutum cikin teku. A Ponta Preta ta ɓangaren yamma, ga manyan igiyoyin ruwa ga duwatsu, nan sai ƙwararru. Iska ɗaya, rana ɗaya, amma hatsarin ya bambanta. Ka ga ashe ruwan da ya fi kyan gani ba lallai shi ya fi aminci ba.

Lissafin da ya shafi rufin ɗakinka

Ga ƙa'idar da nake so ka riƙe: idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninkawa huɗu yake yi. Idan ya ninka uku, ƙarfin ya ninka tara.

Bari mu sa lamba. Iska mai gudun kilomita 36 a awa tana tura kowace murabba'in mita da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 6, a ƙiyasi. A kilomita 72 ya zama kilo 24. A kilomita 108 ya kusa kilo 55. Yanzu ɗauki rufi mai murabba'in mita 50. A gudun kilomita 72, ƙarfin da ke aiki a kansa zai iya kai wa wajen tan guda.

Kuma ba turi kaɗai ba ne. Laimar nan tana aiki ne kamar fiffiken jirgin sama: iskar da ke bi ta samanta tana rage matsi, sai ta ɗago. Haka kwano yake. Iska na tsotsarsa ta sama, in kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗaki, sai ta tura shi ta ƙasa. Shi ya sa rufi kan tashi gaba ɗaya da katakonsa. Wurin da ya fi shan wahala shi ne gefuna da kusurwoyi. Don haka kafin watan Mayu, duba ƙusoshin gefe, ka tabbata an ɗaure katakon rufin da bango da waya ko ƙarfe. Ɗora duwatsu a kan kwano dabara ce ta wucin gadi, in iska ta fi ƙarfinsu su ma abin jifa ne.

Me ya sa iskar hadari ta fi ta hunturu ɓarna?

Hunturu tana da tsari. Da dare takan lafa a ƙasa, da hantsi ta taso, lokacin da zafin rana ya sauko da iska mai gudu da ta kwana a sama. Iskar hadari daban ce. Daga Mayu zuwa Yuni, iska mai laima daga kudu maso yamma tana karo da busasshiya. Hadari ya haɗu, iska mai sanyi ta zubo daga cikinsa ta bazu a ƙasa, yawanci daga gabas. Cikin 'yan mintuna gudun iska zai iya ninkawa sau da yawa. Mai sululu in ya hango baƙin hadari, sauke laimarsa yake yi ya fito, ba ya jiran ya ji iskar a jikinsa.

Darasi ga masu hawa ruwa

Girman igiyar ruwa ya dogara da gudun iska, daɗewarta, da tsawon ruwan da ta bi. A rani Gulbin Zamfara da Gulbin Ka ba su da faɗin da za su tara igiya. Amma a madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, ko lokacin da gulbi ya cika ya malale fadama a Agusta da Satumba, labari ya canza. Mutanen Gummi ba su manta da kifewar kwale-kwalen manoma a Satumban 2024 ba, inda aka yi asarar rayuka da dama. Jirgin da aka cika maƙil bakinsa dab yake da ruwa, ƙaramar igiya ko fizgar iska ɗaya ta ishe shi.

Saboda haka kafin ka shiga jirgi, yi abin da mai laima ke yi. Dubi gabas ko akwai hadari. Dubi inda iska ta dosa. Dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da ruwa. In akwai rigar kariya, saka ta. In kuma ka ga lodin ya yi yawa, haƙura ka jira sawu na gaba. Allah ya tsare mu.