Dafin Da Ba Ya Mutuwa Da Mutuwar Mai Shi

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya ta shiga Ɗan Isa har Maraɗi, ya san in bazara ta yi, ba fatake kaɗai ke ƙetare iyaka ba, har da sanƙarau. A 1996 wannan ciwo ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. A 2017 ma ya taɓa Zamfara da Sakkwato da Katsina. To, ta yaya ƙwayar da ido ba ya gani ta ke kā da ƙaton mutum cikin yini guda? Amsar, zomaye da ɓeraye suka ba likitoci ita.

A 1892 wani likita Bajamushe, Richard Pfeiffer, yana aiki a Balin wurin malaminsa Robert Koch, sai ya zuba ƙwayoyin kwalara cikin cikin ɓerayen Masar, suka mutu. Sa'an nan ya ɗumama waɗansu ƙwayoyin har suka mace, ya sāke zubawa, ɓerayen kuma suka mutu. Ashe akwai wani dafi a jikin fatar ƙwayar kanta, wanda wuta ba ta kashe shi da sauƙi. Ya sa masa suna endotoksin, watau dafin ciki. Ƙwayoyin taifot da na sanƙarau duk suna ɗauke da irinsa. Misalinsa kamar kibiya mai dafi ce, ko an kashe maharbin, dafin yana nan.

In aka yi wa zomo allurar wannan dafi ɗan kaɗan a jijiyar kunne, kafin sa'a guda ko biyu jikinsa ya yi zafi. In aka ƙara yawansa, sai zomon ya kwanta, jininsa ya rasa ƙarfin gudu, ya mutu. A 1928 wani likita a Niyok, Gregory Shwartzman, ya ga abin da ya fi wannan. Ya sa dafin a fatar zomo, ya bari ya kwana, kashegari ya sa masa a jijiya. Ba da jimawa ba wurin allurar fari ya yi baƙi, jini ya daskare cikin ƙananan jijiyoyi, naman ya mutu. Likitoci suka lura wannan ya yi kama da tabon da ke fitowa jikin mai sanƙarau sa'ad da ƙwayar ta shiga jini.

Abin mamaki kuwa, ba dafin ne ke yin yawancin ɓarnar da kansa ba. A 1998 Bruce Beutler da abokan aikinsa a Amurka suka bincika wani irin ɓera wanda dafin ba ya kama shi, suka tarar jikinsa ya rasa wani mai gadi da ke gane dafin ya yi kururuwa. A jikinmu, in mai gadin nan ya yi kururuwa, sai dakarun jini su fito. In dafin kaɗan ne, su kore cuta, zazzaɓi ya sauka. In ya yi yawa, sai su dimauce su ƙone garin da suka fito tsarewa.

Wannan ilmi yana da amfani biyu gare mu da za mu fita koyarwa.

Na fari, sauri. Ƙwayar sanƙarau tana hayayyafa tana zubar da dafi, kowace sa'a ana ƙara wa wutar itace. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da sanƙarewar wuya, ko tabo ya fito wanda ba ya ɓacewa in an danna, kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti. A jikin baƙin mutum tabon yana wuyar gani, sai a duba tafin hannu da na ƙafa da cikin fatar ido.

Na biyu, allura. A 1923 wata malama, Florence Seibert, ta nuna da zomaye cewa zazzaɓin da ke bin wata allura daga ruwanta ya ke, domin ƙwayoyi sun taɓa zama cikinsa sun bar dafi, tafasa kuwa ba ta fid da shi. Saboda haka aka riƙa gwada ruwan allura a jikin zomaye, ana auna zafinsu har sa'a uku, kafin a sa wa mutum. Ruwan allurar da ake tallarsa a rana a kasuwar bakin iyaka, wa ya san ko an gwada shi? Tafasasshen ruwa ya isa sha, amma bai isa shiga jijiya ba.

Mu dai mu koya wa yara waɗannan, su kai gida, mu kuma kwaɗaitar da iyaye ga allurar rigakafi in ta zo gari. Allah ya kiyashe mu da annoba, amin.