Auduga da Masaƙun Kaduna

Ƙasar da arzikinta ya rataya a kan abu guda tana cikin hatsari, gama ran da farashinsa ya faɗi, baitulmali da talakawa duk sai su ji a jikinsu. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, gwamnati ba ta iya buɗe wa ƙasa sabuwar hanyar arziki sai tana da ma'aikatan da suka san aikin. Labarin auduga a Nijeriya ta Arewa ya ishe mu misali.

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Mai kallo daga nesa sai ya ce injuna kawai aka sayo aka kafa. Amma ƙarƙashin masaƙar akwai aikin shekaru masu yawa. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, inda ake zaɓen iri mai kyau. Malaman gona su ne ke raba wa manoma irin, su kuma tsaya a kasuwannin auduga suna rarrabe mai kyau da mai datti, kowace da farashinta, kafin a kai ta injinan gurza na Zariya da Funtuwa da Gusau. Hukumar ciniki ta Jihar, wadda aka kafa a 1954, ita ke yanke farashin shekara, tana tara rara, daga cikin rarar kuwa aka zuba jari a masaƙa. Lalle manomi ne ya ɗauki nauyin wannan, don abin da ake biyansa bai kai farashin duniya ba, watau haraji ne a fakaice. Akawuna da ma'ajin En'e da ke riƙe da lissafin mulki kuwa, a makarantar koyon aikin mulki ta Kongo, Zariya, aka horar da da yawa daga cikinsu.

Rushewar abin ma ta wajen ma'aikata ta faro. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida, ƙwararrun da dama ba su da yawa suka watsu. Kuɗin man fetur ya shigo, hankalin hukuma ya bar gona. A 1975 aka kori dubban ma'aikata farat ɗaya, waɗanda suka rage suka koyi ɗari-ɗari. Sa'an nan a 1986 aka soke hukumomin ciniki. Suna da laifinsu, ba shakka, amma ba a ɗora wa kowa aikin raba iri da tantance auduga a bayansu ba, sai iri ya gauraye, darajar auduga ta faɗi. Ga ƙarancin wutar lantarki, ga atamfar fasa-ƙwauri da kwastan suka kasa tarewa. A 2002 Kaduna Textiles ta daina aiki.